Sakan 11: nazarin yadda zarton kusurwa ya raunata wani ɗan koyon kafinta a Zariya

Sana'ata gyaran injinan hannu masu aiki da lantarki: na huda, na goge ƙarfe, na yankan katako. Shagona yana Sabon Garin Zariya, kuma yawancin masu kawo mini aiki kafintoci ne da masu haɗa tagogin alminiyom. Abin da zan bayyana a nan ya faru ne a hunturun da ya wuce, a shagon wani babban kafinta da muka tashi unguwa ɗaya, wanda tun ina ƙarami Yaya nake ce masa. Ba zan kama sunansa ba, haka ma yaron da abin ya rutsa da shi. Na nemi izininsu kafin in rubuta, kuma sun ba ni.

Injin da ake magana a kansa zarton kusurwa ne na lantarki. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, faifai ne mai haƙora a jikin moto, ana kama mariƙinsa a danno shi ƙasa kan katakon da ke kwance a tebur. Teburin yana juyawa hagu ko dama har digiri 45 ko fiye kaɗan, shi ya sa masu yin firam da kayan ɗaki suke sonsa: kusurwar da za ta ci wa mutum minti goma da zarton hannu, shi kafin ka ƙifta ido ya fitar da ita. A bayan teburin akwai ƙarfe a tsaye da ake jingina katako, zan riƙa ce masa katanga. Katangar nan tana da giɓi a tsakiya, inda faifan ke wucewa. A lura da wannan giɓin, don shi ma yana da hannu a lamarin.

Na Yaya ɗan Beljiyam ne, mai zamiya gaba da baya a kan sanduna biyu. A farantin jikinsa an rubuta volt 230, wat 1,800, faifai milimita 254 (wato inci 10), juyi 4,800 a minti. Juyi 4,800 a minti juyi 80 ke nan a kowane sakan. In ka lissafa da faɗin faifan, bakin haƙoran yana gudun kusan mita 64 a sakan, wajen kilomita 230 a awa. Babu direban da ke taka wannan a hanyar Zariya zuwa Kano. Shi kuwa mutum lafiyayye, daga jin abu ya taɓa shi zuwa fizge hannu, yana buƙatar wajen kashi ɗaya cikin biyar na sakan, kuma a wannan ɗan tsakanin faifan ya riga ya juya sau 16. Duk wanda ya ce zafin namansa ne zai cece shi a gaban wannan inji, bai zauna ya yi lissafi ba.

Ranar Alhamis

Aikin da ke gabansu kayan ɗakin amarya ne: gado, wadirob da madubi, za a yi jere ranar Asabar a Tudun Wada. Uwar amarya ta zo shagon sau biyu a makon, zuwan na biyu ba da daɗi aka rabu ba. Abin da ya rage shi ne adon fuskar gado, wasu ƙananan murabba'ai da ake haɗawa da moldin, siririn katakon adon nan. Kowane murabba'i guntaye huɗu, kowane guntu bai wuce santimita 8 ba, an sare bakinsa biyu a digiri 45.

Yaron ɗan ƙanwar Yaya ne, shekararsa 19, shekara uku yana shagon. Ba sabon shiga ba ne, kuma duk wanda ya san shi ya san yana da hannu. Bayan La'asar Yaya ya fita sayen fenti, ya ce masa ya gama yankan kafin ya dawo. Ya ƙara da cewa sandar moldin da ke hannunsa ita ce ta ƙarshe mai wannan zanen, kada ya ɓata ko taƙi ɗaya. Babu wuta, janareta yana ruri a bakin ƙofa, ga hazo ya rufe rana, cikin shagon ya yi duhu-duhu.

Ya yanka wajen guda ashirin lafiya. Da sandar ta zo ƙarshe, sai ya rage ɗan guntu wanda sai an sare ɗaya bakin. Ya riƙe shi da yatsun hagu, tsakaninsu da layin fensir bai kai santimita 4 ba, ya danno faifai. Haƙori ya cafki guntun, ya fizge shi daga hannunsa, ya cusa shi cikin giɓin katanga. Zuwa nan babu abin da ya same shi, ko ƙwarzane.

Sauran daga bakinsa na ji, a gadon asibiti. Ya ce mini, "Malam, wallahi na saki makunnin. Na saki, na ɗaga kan injin, ni a ganina ya tsaya. Tsorona kada guntun ya tsage Kawu ya dawo ya tarar babu." Ya miƙa hannun hagu ta ƙarƙashin faifan don ya zaro guntun, haƙoran suka same shi ta bayan yatsu biyu, manuni da na tsakiya.

Abin da ya biyo baya cikin minti biyar ɗin farko shi ma abin nazari ne. Wani ya ruga ya ɗauko man birki a wurin bakaniken da ke kusa, wani ya ɗebo garin katako zai danna a ciwon, don haka aka saba yi wa ƙananan yanka. Allah ya kawo mai kemis ɗin layin, ya hana su, ya danne wurin da bandeji mai tsabta, ya ɗaga hannun sama da ƙirji, ya sa aka zare zoben azurfar da ke ɗaya yatsan kafin hannun ya kumbura. Wannan shi ne daidai. Inda aka yi kuskure shi ne kan yatsan tsakiya da ya guntule. Sai da aka tafi da yaron a Keke sannan aka tono shi cikin garin katako, aka ɗora shi kai tsaye a kan ƙanƙara aka bi su da shi. Yadda ake yi shi ne a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, a naɗe a bandeji mai ɗan danshi, a ƙulle a leda, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Ƙanƙara in ta taɓa nama kai tsaye kashe shi take yi. Daga asibitin farko aka tura su asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Likitoci sun yi ƙoƙari, sun ɗinke jijiyar da ke miƙar da manuni, an yi masa allurar tetanus. Na tsakiya kuwa ya tafi daga gaɓar sama. Yankan zarto ba irin na wuƙa ba ne, yana cinye wajen milimita 3 na duk abin da ya ratsa, ya bar gefen a tattauna.

Abin da injin ya nuna

Kwana huɗu bayan haka Yaya ya sauke injin a ƙofar shagona. Ya ce, "Ƙanena, ga shi nan. Ko ka gyara, ko ka ba 'yan gwangwan, ni ba na son ganinsa." Na tambaye shi me yake gani ya jawo abin. Ya ce tsautsayi ne da gangancin yara, wa ke kai hannu ƙarƙashin zarto? Duk layin ma abin da ake faɗa ke nan, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni ma na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma ruwa ba ya tsami banza, don haka na ce ya bar mini shi yadda yake, kada a goge komai.

Abin da ido ya fara gani shi ne murfin faifai. Kowane zarton kusurwa yana da murfin roba mai haske da ke rufe haƙora idan kan injin yana sama. Kana dannowa yana buɗewa, kana ɗagawa sifirin yana mayar da shi. Na wannan injin an ɗaga shi an ɗaure da wayar tagulla, murɗi uku, har wayar ta yi baƙi don daɗewa. Da na kwance ta, murfin bai motsa ba. Na buɗe mahaɗarsa, sai ga wani abu kamar kwalta: baƙin mai ne aka ɗiga lokacin da ya fara cijewa, man ya kama garin katako da ƙurar hunturu suka daskare. Robar kuma ta yi fari fat kamar idon da ya yi yana, alamar an goge ta da tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi. Tina da fetur suna cin irin wannan roba, su dushe ta, su tsattsaga ta. A cikin murfin kuma akwai ɗigo-ɗigon ƙuna, wanda ya nuna an taɓa ɗaura faifan yankan ƙarfe an yanka bututu, abin da littafin kowane irin wannan inji ya hana.

To ka ga yadda abin ya bi. Murfi ya cije, aka sa mai, ya ƙara cijewa. Ya yi datti, aka goge da tina, ya daina nuna layin fensir. Kafinta yana sauri, murfi ya tsaya masa a hanya kuma ba ya ganin layi, sai ya nemi waya. Babu wanda ya tashi da safe da niyyar ya tsiraita faifai. Gyaran duka da ruwan sabulu da buroshi ne, bai kai rabin awa ba.

Na biyu faifan kansa. Na ƙirga haƙoransa, 24 ne, kuma kowanne ya sunkuyo gaba kamar ƙugiya. Faifan tsaga katako ne a tsawonsa, na zarton tebur, wanda haƙoransa ke karkata gaba wajen digiri 20 don su riƙa jan katako da kansu. A zarton tebur wannan alheri ne. A zarton kusurwa kuwa, musamman mai zamiya, shi ne ke sa faifai ya yi wawura. Wanda ya dace da inci 10 shi ne mai haƙora 60, ko 80 in aikin moldin ne, masu tsayuwa a miƙe ko ma sun ɗan koma baya da digiri 5. Irin wannan kankarar katako yake yi a hankali, ba ya cafka. Yaya ya ce na asalin ya dakushe, wannan kuma yana rataye a bango, ramin tsakiyarsu ɗaya ne, milimita 30, sai aka ɗaura. Haƙora biyu ma sun ɓalle, sauran kuma danƙon katako ya lulluɓe su.

Na uku girman guntun. Faifan yana juyawa ne ta yadda haƙoran ƙasa ke tura katako zuwa katanga, na baya kuma suna tashi sama. In katakon dogo ne, katanga ta tare shi hagu da dama, babu inda za shi. In guntu ne na santimita 8, kuma an karkata tebur zuwa digiri 45, rabinsa a kan giɓi yake, bayansa babu komai sai iska. Haƙori na taɓa shi zai wuce da shi. Littattafan da ke zuwa da waɗannan injina suna cewa kada hannu ya matso faifai ƙasa da milimita 100 ta kowane gefe, kuma duk abin da ya yi ƙanƙantar da ba za a iya matse shi ko riƙe shi daga wannan nisa ba, to ba na wannan injin ba ne. Injin Yaya bai zo da littafi ba. Mamatsin da ke danne katako a tebur ma bai zo da shi ba, ramin da ake soka shi ya cika da gari.

Sai na huɗu, wanda shi ne ya hana ni barci.

Na jona injin, na danna makunni har ya kai ƙarshen gudunsa, na saki, ina kallon agogon waya. Sakan 11 kafin faifan ya tsaya. Na sake sau uku, bai sauka ƙasa da haka ba. Wannan samfurin yana da birkin lantarki, ya kamata ya tsaya cikin sakan 2 ko 3. Kuma na lura da wani abu: ana sakin makunni ƙarar moto take faɗuwa, abin da ke rage ɗan shuuu ne, wanda in janareta na ruri kusa ba za ka ji shi ba. Haƙoran faifai mai gudu kuma ba a ganinsu, inuwa-inuwa ce kawai, a shago mai duhu sai ka rantse a tsaye yake. Yaron bai yi ƙarya ba da ya ce a ganinsa ya tsaya.

Tun kafin in buɗe mariƙin na san abin da zan tarar, don ni na sa makunnin da ke ciki. Wata takwas kafin wannan rana an kawo mini injin makunninsa ya ƙone, yara sun haɗe wayoyin kai tsaye suna kunnawa daga soket. Wannan mugun haɗari ne, don in aka ɗauke wuta aka manta, ana dawo da ita injin zai tashi shi kaɗai. Makunnin asali ba kunnawa da kashewa kawai yake yi ba. Yana da ƙarin ƙafafu waɗanda in ka saki suke haɗa wayoyin moto ta wata hanya, moton ya koma yana turje wa juyin kansa, wannan shi ne birkin. Na duba kasuwa ban samu irinsa ba, Yaya kuma yana da aiki a gaba. Sai na sa na gama-gari mai ƙafa biyu, na naɗe wayar birki da tef na tura ta gefe. Da zai tafi na ce, "Yaya, birki fa ba zai kama ba sai na samo na asali." Ya ce ba komai. Na karɓi kuɗina. Ban sake neman makunnin ba, ban rubuta komai a jikin injin ba, kuma a ranar na ga wayar da ke ɗaure da murfi da idona ban ce uffan ba, don a ganina ba shi aka kawo mini ba. Yaron da ke tsayawa a gaban injin kullum bai taɓa jin wannan magana ta birki ba.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Washegari na je na sami Yaya na zayyana masa duka, har da nawa. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ashe ni ma da na ce kada ya ɓata ko taƙi ɗaya, na tura hannun nan." Ban musa masa ba, don gaskiya ce. Da murfi yana aiki, robar murfin hannun zai taɓa. Da birki yana aiki, faifan ya tsaya kafin hannun ya isa. Da faifan daidai ne, da wuya ya fizgi guntun tun farko. Da kuma yaron ya san ɓata moldin na 'yan kuɗi kaɗan ba zai jawo masa faɗa ba, da ya tsaya ya jira. Kuskurensa na kai hannu gaskiya ne kuskure ne, amma irin wanda duk mai aiki zai yi wata rana in ya gaji ko ya tsorata. Murfi da birki saboda wannan ranar aka yi su.

Gyara

Makunnin asali da na ce babu, da na sa kaina nema cikin mako biyu na same shi a jikin wani mataccen inji irinsa a Kano. Na canza buroshin kabon, 'yan guntayen da ke kai wuta cikin moto, guda biyu tare, don sun cinye sun wuce alamar da ke jikinsu, kuma buroshi in ya cinye shi ma yana raunana birki ko da makunni lafiya yake. Na goge inda suke gogawa a jikin amica, wato sashen moto mai juyawa, na bar injin ya yi gudu babu aiki na 'yan mintuna don su zauna. Da na sake gwadawa, sakan 2 da ɗan ɗori. Murfi na wanke mahaɗarsa na bar ta a bushe, babu mai, na canza sifirin, robar kuma muka samo wata. Sandunan zamiya na goge su da tsumma. Muka sayi faifai mai haƙora 80, na nuna wa yaran shagon lambar juyi da ke rubuce a jikinsa, wadda dole ta kai ta injin ko ta fi, da kibiyar da dole ta bi ta jikin murfi. Na nuna musu kuma cewa notin da ke riƙe faifai a yawancin waɗannan injina haƙoransa na hagu ne, ana kwance shi ta inda aka saba ɗaurewa. Da yawa sun lalata noti a kan rashin sanin wannan. Kafin a taɓa faifai, a zare fulogi a ajiye shi inda ido ke ganinsa.

Sauran gyaran na katako ne, Yaya da kansa ya yi. Ya ɗaure injin da noti a kan benci, ya yi masa fukafukai hagu da dama daidai da tsayin tebur, don a daina sa yaro ya riƙe jelar dogon katako. Mutum in ya ɗan motsa, katakon ya matse faifai. Ya ɗaura miƙaƙƙen katako a fuskar katanga ta ramukan da aka tanada, ya shimfiɗa falle a tebur, ya ratsa su da faifan sau ɗaya. Yanzu giɓin bai wuce kaurin faifai ba, babu inda guntu zai faɗa. Ya ja jan layi a santimita 15 kowane gefe, ya ƙara a kan abin da littafi ya ce, hannu ba ya tsallake shi.

Hanyar yankan ƙananan guntaye ita ma ta canza. Ana sare bakin doguwar sanda, sannan a yanke guntun daga jikinta, hannu yana can nesa a kan doguwar. In sanda ta rage ƙasa da taƙi ɗaya da rabi, an gama da ita a inji, sai a koma akwatin kusurwa na katako da zarton hannu, wanda kakanninmu a sana'ar suka yi firam da shi shekara da shekaru. In katako ya yi doro, bayan doron ake jinginawa a katanga, don kada a bar rata a wurin yanka. Ba a tara biyu a yanka tare. Ba a giciye hannu a kan layi. A mai zamiya, ana jawo kan injin gaba tukuna, a kunna, a bari ya kai gudunsa, a danna ƙasa, sannan a tura baya. In ka jawo shi yana cikin katako, hawa zai yi ya taso maka. Dokar da Yaya ya fi tsanantawa kuwa ita ce ta ƙarshen yanka: ka saki makunni, ka bar kan injin a ƙasa har sai ka ga haƙora ɗaya-ɗaya da idonka, sannan ka ɗaga. Na ga ya kori wani babban yaronsa daga kan injin na yini guda a kan wannan, kuma ban ga laifinsa ba.

Akwai abin da ya shafi shigarmu. Mai kaftani ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, carbi da agogo da zobe su shiga aljihu. Safar hannu ba ta da wuri a nan, haƙori in ya kama zare da hannun zai tafi. Tabarau kuwa dole ne, don haƙorin da ya ɓalle daga faifai harsashi ne.

Na yi amfani da damar na yi musu maganar ɓarnar da ba ta zubar da jini, ko da yake a nan ban samu yadda nake so ba. Ƙarar wannan inji, a ma'aunin ƙarfin ƙara, tana kai wajen desibel 100, alhali daga 85 ake fara lalata ji in an daɗe ana sha. Ƙurar katako kuma tun 1995 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji, musamman a hanci. Ƙurar katakon iroko da ta obece an san su da tayar da asma. Takunkumi sun karɓa, don hunturu ya riga ya koya musu. Abin toshe kunne kuwa har yau yana rataye a ƙusa.

Ta fuskar doka, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace duk wani sashe mai haɗari na inji, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi asusun da ke ɗaukar nauyin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Shagon Yaya, kamar yawancin shagunan layinmu, bai yi rajista da komai ba, yaron kuma ɗan gida ne, ba shi da albashi balle takarda. Kuɗin magani daga aljihun Yaya ya fita, kuma ya haura kuɗin sabon inji dal. Na kai abin da zan iya, ya ƙi karɓa, sai da na bi ta hannun mahaifiyar yaron. Kayan amarya an kai ranar Asabar ɗin, fuskar gadon babu murabba'i biyu na ƙarshe, kuma babu wanda ya lura.

Yaron ya yi wata uku bai riƙe guduma ba, yana zuwa gashi. Manunin yana lanƙwasa, amma bai cika miƙewa ba, kuma ya ce da sanyin asuba yana masa zugi. Riƙe ƙananan ƙusoshi ne ya fi ba shi wuya, yanzu da babban yatsa da na kusa da ƙarami yake kamawa. Ya koma kan injin da kansa, ba wanda ya tilasta shi. Ranar da na je duba birkin, na same shi yana nuna wa wani sabon yaro jan layin, ya ɗora hannun nasa a kai don yaron ya gani da kyau.

Ni kuma na canza yadda nake karɓar aiki. Duk zarton da ya shigo, ko waya aka kawo a canza, sai na gwada murfi na ƙirga sakan. Makon jiya wani kafinta daga Samaru ya kawo nasa, makunni ya mutu, murfi a ɗaure da igiyar roba. Na ce masa sai na samo makunni mai birki, kwana biyar ko mako. Ya ce, "Haba Injiniya, sa mini kowanne mana, jibi zan kai kaya." Na ba shi labarin nan tun daga farko. Ya jajanta, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ɗora injinsa a babur ya zagaya layin baya, inda wani abokin sana'ata yake.

Wajen La'asar na jiyo an tayar da shi ana gwaji. Na leƙa ta tsakanin rumfuna ina kallon faifan daga lokacin da aka saki makunni, sai da na ƙirga 12. Na buɗe akwatina na ɗauki sifirin ɗaya da gwangwanin jan fenti da ɗan buroshi, na ce wa yarona ya kula da shago, na zagaya.